Daji, Dutse da Zuciyar Ɗan Wasa: Wace Wahala Ce Ke Gina Dakiya?

Duk wanda ya saba zama da masu horar da 'yan wasan makaranta ya san abin da ke fitowa daga bakinsu idan aka ci yaransu a mintunan ƙarshe. Da wuya ka ji sun ce yaran ba su iya ƙwallo ba. Cewa suke yi, "Ba su da zuciya." An zura musu ɗaya sai gwiwa ta yi sanyi, mai tsaron baya ya kama zargin mai tsaron gida, ɗan gaba ya daina neman ƙwallo, kafin alƙalin wasa ya hura usur an ƙara musu biyu. Haka ake gani a tseren mita 1,500, inda yaro yana da sauran ƙarfi a ƙafarsa amma ya sare a zagaye na uku don kawai wani ya wuce shi. Maganin da ake kawowa kuwa kusan ɗaya ne daga Jos har Texas: a kwashe su a kai su daji, su hau dutse, su kwana a tanti, su ji sanyi da yunwa, su dawo da dakiya.

Ina cikin masu ganin akwai gaskiya a wannan magana, kuma ina so in ga makarantunmu sun koma ga fitar da yara waje. Amma gaskiyar rabi ce, kuma rabin da ake mantawa da shi ya sha cin rayukan matasa. Abin da ke gina zuciyar ɗan wasa a daji shi ne nauyin da aka ɗora masa, da ikon yanke shawara da aka bar masa, da amanar wanda ya kai shi. Wahalar kanta fili ne kawai da ake yin wannan aiki a cikinsa. Idan aka cire waɗancan aka bar wahala tsurarta, abin da ake samu shi ne yaro mai tsoron koci, mai ɓoye ciwo, wani lokaci ma gawa.

Mutumin da ya kafa harsashin wannan tsari a zamaninmu shi ne Kurt Hahn, malamin makaranta Bayahude ɗan Jamus. Ya fito fili ya soki Hitler, aka tsare shi a 1933, da aka sake shi ya tsallaka Birtaniya ya kafa makarantar Gordonstoun a Sikotland a 1934. A 1941, yaƙin duniya na biyu na tsakiyar ci, ya haɗa kai da wani mai kamfanin jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound ta farko a garin Aberdovey da ke yankin Wales. Abin da ya dami Holt shi ne yadda yake ganin idan Jamusawa suka nutsar da jirgi, matasan ma'aikatansa masu jini a jika sukan riga dattawa mutuwa a cikin kwalekwalen tsira. A fahimtarsa, dattawan sun sha shiga uku sun fita, sun san jikin mutum yana iya ɗaukar fiye da abin da zuciya ke raya masa, su kuwa matasan ba su taɓa gwada kansu ba, sai su yanke ƙauna tun da sauran numfashi. Aka shirya musu horo na kimanin wata guda: tuƙa kwalekwale a teku, tafiya mai nisa da taswira, motsa jiki, da aikin ceto.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da masu kwaikwayon Hahn suka fi yar da shi, alhali shi ne Hahn ya fi bai wa muhimmanci. A Gordonstoun ɗalibai ne ke riƙe da motar kashe gobara, su ne masu sa ido a gaɓar teku, su ne ke fita neman wanda ya ɓata a kan duwatsu. Hahn bai yarda a wahalar da yaro don a ga iyakarsa kawai ba. So yake yaron ya ji cewa ran wani na iya rataya a wuyansa, domin ya lura matashi yakan fitar da ƙarfin da bai san yana da shi ba a ranar da aka buƙace shi da gaske. Daga wannan tunani ne kuma aka haifi lambar yabo ta Duke na Edinburgh a 1956, wadda matasa a ƙasashe da dama, har da Nijeriya, suke nema har yau.

Tsarin bai daɗe ba ya iso mu. A 1951 Alec Dickson ya buɗe sansanin horo a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe a Kamaru, a lokacin da yankin ke ƙarƙashin mulki ɗaya da Nijeriya. Matasa daga Arewa da Kudu suka riƙa zuwa, wasu ba su taɓa ganin teku ba, suna koyon iyo, suna hawan Dutsen Kamaru mai tsayin sama da mita 4,000, suna yi wa ƙauyuka aikin gayya. Wannan sansani ne ya zama Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta Nijeriya, mai makarantar duwatsu a Shere da ke Jos, da ta teku a Apapa, da rassa irin na Fika a Yobe da Kwatarkwashi a Zamfara. Daga nan ne ƙungiyoyin Man O' War na makarantunmu suka samo sunansu. Abin takaici, a makarantu da yawa abin da ya rage daga wannan gado shi ne kaki da fareti da tsare ƙofa ranar taro. Taswira da igiya da aikin ceto sun tafi, tsallen kwaɗo ya zauna.

To, me bincike ya nuna? Aikin da aka fi ambata shi ne na John Hattie da Herbert Marsh da James Neill da Garry Richards, wanda ya fito a 1997. Sun tattara nazarce-nazarce 96 da aka yi a kan irin waɗannan shirye-shirye, suka haɗa sakamakonsu wuri ɗaya. A ma'aunin da masana ke auna girman tasiri da shi sun sami 0.34 a ƙarshen horo, wato tasiri ne na gaske amma tsakanin ƙarami da matsakaici. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne da aka sake bibiyar mahalarta bayan watanni, maimakon amfanin ya zube kamar yadda aka saba gani a shirye-shiryen ilimi, sai aka ga ƙarin 0.17. Inda aka fi ganin canji shi ne dogaro da kai, da yarda da iyawar kai, da iya yanke shawara. Sun kuma gano shirye-shiryen da suka wuce kwana 20 sun fi gajeru amfani, sannan manya sun fi ɗalibai ƙaruwa.

Waɗannan abubuwa biyu na ƙarshe ya kamata su sanyaya wa duk shugaban makarantar da ke tsammanin sansanin Juma'a zuwa Lahadi zai mayar masa da tawaga zakuna. Akwai kuma wata matsala a yadda ake auna abin. Akasari takardar tambayoyi ake ba yaro ya cika da kansa. Fitaccen ma'aunin da Peter Clough da abokan aikinsa suka fitar a 2002 tambayoyi 48 ne, yana duba abubuwa huɗu: mallakar kai, da riƙon alkawari ga abin da aka sa gaba, da kallon ƙalubale a matsayin dama, da yarda da kai. Ma'auni ne mai amfani. Amma ka ba yaron da ya sauko daga kan dutse jiya, yana cikin murna da abokansa, takardar da ke tambayarsa ko ya yarda da kansa, ai ka san amsar da za ka samu. Marsh da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan ɗoki na ƙarshen sansani. Ga shi kuma waɗanda ke zuwa irin wannan horo yawanci su suka zaɓi zuwa, wato da ma suna da son gwada kai. Don haka idan wani ya ce an tabbatar hawan dutse na sa a ci kofi, ya faɗi abin da ya wuce hujjar da ke hannu.

Duk da haka ban raina abin da aka samu ba, domin ya yi daidai da abin da masana halayyar ɗan Adam suka sani ta wasu hanyoyi. Albert Bandura ya nuna tun 1977 cewa babu abin da ke sa mutum ya yarda zai iya wani abu kamar ya taɓa yin makamancinsa da hannunsa ya ci nasara. Yabon koci na taimakawa, ganin aboki ya yi na taimakawa, amma ba su kai wannan ba. Yarinyar da ta tsaya a bakin dutse, ƙafarta na rawa, ta riƙe igiya ta sauka da kanta har ƙasa, ta sami wata shaida a kan kanta wadda babu mai ƙwace mata. Ta ji bugun zuciya da bushewar maƙogwaro, ta kuma ga cewa hannunta ya ci gaba da aiki duk da haka. Wannan bugun zuciyar shi ne zai dawo mata a kan layin fara tsere, kuma a ranar ba zai zo mata a matsayin baƙo ba.

Daji yana da wani abu kuma da filin atisaye ba shi da shi. A fili, koci ne ke cewa ka yi daidai ko ka yi kuskure, kuma yaro na iya cewa koci ne ba ya son sa. A daji, idan tawaga ta karanta taswira ba daidai ba za ta ƙara tafiyar kilomita biyar, idan ta kafa tanti da sakaci ruwa zai jiƙa ta, idan ta cinye guzuri tun ranar farko za ta kwana da yunwa. Babu wanda za a zarga. Sannan matsayin da aka saba da shi yakan rushe. Tauraron da ke cin ƙwallaye na iya zama shi ne mai tsoron ruwa, ɗan benci da ba a kula shi ya zama shi ya iya hura wuta da ɗanyen itace, ya iya kwantar wa mutane hankali da dare. Tawagar da ta ga haka da idonta takan dawo da wani irin ganin girman juna da jawabin koci ba ya samarwa.

Amma duk wannan ya dogara ne da abu ɗaya: yaron ya ji cewa abin da ya yi ne ke canza sakamako. Martin Seligman da Steven Maier sun nuna a 1967 cewa wahalar da mai shan ta ba shi da yadda zai yi da ita, darasin da take koyarwa shi ne miƙa wuya, har a daina neman mafita ko da ƙofa a buɗe take. A 2010 kuma Mark Seery da abokan aikinsa suka bibiyi Amurkawa sama da 2,000, suka ga waɗanda suka sha wuya daidai gwargwado a rayuwa sun fi kwanciyar hankali da juriya a kan waɗanda ba su taɓa sha ba, sun kuma fi waɗanda wuya ta yi musu yawa. Iyayenmu sun san wannan a aikace. Dubi yadda ake koya wa yaro azumi: yakan fara da rabin yini, shi ne ke ɗokin yi, ya san dalilin yin sa, uwa tana lura da idonsa, idan ya galabaita a ce ya sha ruwa gobe ma rana ce, idan ya kai a yaba masa a gaban kowa. Bayan 'yan shekaru sai ga shi yana kai talatin cikin zafin bazara. Ba wanda ya taɓa koya wa ɗansa azumi ta hanyar kulle shi a ɗaki ba abinci.

Tarihin wasanni cike yake da masu kulle ɗakin. A watan Satumba na 1954 koci Paul Bryant ya kwashi ɗaliban Jami'ar Texas A&M masu buga ƙwallon ƙafa irin na Amurka ya kai su wani ƙauye mai suna Junction, a tsakiyar fari, zafi na haura digiri 38, ana atisaye tun asuba ba hutun shan ruwa. Kwana 10 aka yi. Yara suka riƙa sulalewa da dare, kimanin 35 ne suka kai ƙarshe. Amurkawa sun mayar da wannan sansani abin alfahari, an rubuta littafi an yi fim. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a wannan kakar wasa ɗaya tawagar ta ci cikin 10. Masu kare shi sukan ce ai bayan shekara biyu sun lashe gasar yankinsu. Gaskiya ne, amma a cikin shekara biyun an ɗauko sababbin 'yan wasa, an yi ɗaruruwan atisaye. Kuma ko da an yarda waɗanda suka tsira masu dakiya ne, sansanin tace su ya yi. Tacewa daban, ginawa daban, kuma aikin makaranta ginawa ne.

Irin wannan tunani bai mutu ba. Kafin gasar cin kofin duniya ta zari-ruga ta 2003, aka kai tawagar Afirka ta Kudu wani sansani a daji da aka sa wa suna Kamp Staaldraad. Aka tuɓe su, aka cusa su cikin rami ana kwara musu ruwan ƙanƙara, aka sa su shiga tafki mai sanyi suna hura ƙwallo. Suka je gasar, Ingila ta doke su, New Zealand ta fitar da su da ci 29 da 9 a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe, da hotunan sansanin suka fito koci Rudolf Straeuli ya ajiye aiki. A Ostireliya ma ƙungiyar Adelaide, bayan ta sha kashi a wasan ƙarshe na 2017, ta kai 'yan wasanta sansanin ƙarfafa zuciya a farkon 2018. Daga baya ɗan wasanta Eddie Betts ya bayyana cewa an yi amfani da sirrin rayuwarsa da ya faɗa bisa amana aka ci masa fuska da shi a gaban abokansa. Ƙungiyar ta kasa shiga zagayen ƙarshe a wannan shekarar, kuma a 2022 ta nemi gafara. Waɗannan manya ne, masu albashi da lauyoyi. Ina ga ɗan aji biyar na sakandare wanda gurbin karatunsa ke hannun kocin?

Amsar tana cikin labarin Jordan McNair, ɗalibin Jami'ar Maryland mai shekara 19, wanda zafi ya kayar da shi a wajen atisaye a ƙarshen Mayun 2018, ya rasu a watan Yuni. Bincike ya nuna ba a tsoma shi cikin ruwan sanyi ba, wanda shi ne matakin farko da ke ceton rai a irin wannan hali, kuma an yi jinkirin kiran motar asibiti. Jami'ar ta amsa laifinta, daga baya aka sallami koci. A wurin da aka ɗauki faɗuwa a matsayin ragwanci, ba a ganin alamar mutuwa ko da tana gaban ido. Mu da ke zaune a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, kuma muke da karin maganar cewa wuya ba ta kisa, ya kamata wannan labari ya tsaya mana a rai. Wuya tana kisa.

Daji kansa ma ba ya yafe sakaci. A Nuwamba 1971 guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da ɗaliban wata makarantar Edinburgh a kan duwatsun Cairngorm, ɗalibai biyar da mataimakiyar malama ɗaya suka mutu. A Maris 1993 matasa huɗu suka nutse a Lyme Bay da ke kudancin Ingila, a fita da kwalekwale ƙarƙashin jagorori marasa ƙwarewa. An ɗaure shugaban kamfanin, kuma a 1995 Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta wa masu kai yara irin waɗannan wurare neman lasisi. Masu sana'ar da suka san aikinsu suna da ƙa'ida: haɗarin da yaro ke ji a zuciyarsa ya yi yawa, haɗarin gaske ya yi kaɗan. Yana ganin rami a ƙasansa, amma igiya biyu ke riƙe da shi.

Saura tambayar da ta fi kowace wuya. A ce an yi komai daidai, yaro ya dawo daga dutse da ƙarfin gwiwa. Shin wannan ƙarfin zai biyo shi fili ranar bugun daga kai sai mai tsaron gida? Wani malamin jami'a ɗan Ostireliya, Andrew Brookes, ya ƙalubalanci magada Hahn a 2003 a kan wannan. Hujjarsa ita ce halin mutum ya fi bin yanayin da yake ciki fiye da yadda muke zato, don haka jarumtar kan dutse ba ta zama tabbacin jarumta a wani wuri ba. Na yarda da shi har zuwa wani mataki. A watan Yuni 2017 koci Gareth Southgate ya kai tawagar Ingila sansanin sojojin ruwa a Devon, aka karɓe musu wayoyi, suka kwana a fili, shi ma ya shiga ruwan laka tare da su. Bayan shekara guda suka doke Kolombiya a bugun fenareti a Rasha, karon farko da Ingila ta yi haka a gasar cin kofin duniya. Jaridu sun so su ba sansanin lada. Amma tawagar ta shafe watanni tana atisayen fenareti, tun daga takun da ake yi daga tsakiyar fili har numfashin da ake ja kafin bugu. Sansanin ya haɗa kansu, atisayen ne ya zura ƙwallon. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja mafi ƙarfi da aka samu a kan gina dakiyar matasan 'yan wasa ma daga cikin wasan kansa ta fito. James Bell da Lew Hardy da Stuart Beattie sun wallafa sakamakon aikin shekara biyu da matasan 'yan kurket na Ingila a 2013. An riƙa sa su gwaji cikin matsi, tare da hukuncin da suka san da shi tun kafin a fara idan suka gaza, kuma masu horarwa suna bayyana musu dalilin komai, suna nuna musu sun yarda da su, suna koya musu dabarun riƙe hankali. Waɗanda suka bi tsarin sun fi takwarorinsu ci gaba, a idon masu horar da su da kuma a gwajin wasa. Darasin da na ɗauka shi ne fita daji tana buɗe ƙofa, amma sai koci ya zauna da yaro bayan an dawo ya tambaye shi: da ƙafarka ta yi rawa a kan dutse, me ka gaya wa kanka? Sannan ya shirya atisayen da zai tilasta masa amfani da wannan amsar, mako bayan mako. In ba haka ba, abin zai zama hoton tunawa kawai.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne nake ganin kwaikwayo ido rufe zai fi ɓatar da mu. An ƙirƙiri waɗannan shirye-shirye ne saboda yaran da rayuwa ta yi wa laushi. Yaron da ke tafiyar kilomita shida zuwa makaranta, ya dawo ya wuce gona ko kiwo, ya buga ƙwallo ba takalmi a kan tsakuwa, ba ya buƙatar a koya masa yunwa da rana. Ya san su fiye da mai koyarwar. Duk da haka shi ne za ka gani ya rikice ranar da aka kai shi babban filin wasa na jiha, ga jama'a, ga manyan baƙi, ga yaran makarantun kuɗi da fararen takalma. Jikinsa na jure komai, amma ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, ba a taɓa ba shi jagorancin mutum biyar ba, ya saba kuskure bulala ke biyo bayansa. Al'adunmu suna girmama mai shanye zafi, daga fagen dambe har sharon Fulani, kuma abin girmamawa ne. Sai dai wasa yana neman ƙarin wani abu: ka ɗaga kai ka ga abokinka a sarari ka ba shi ƙwallo daidai alhali numfashinka na sama-sama kuma ka san kai ne ka jawo cin da aka yi muku ɗazu. Wannan yaro, abin da daji zai ba shi shi ne taswira a hannunsa da 'yancin yin kuskure ba tare da an wulaƙanta shi ba. Ɗan birni da ya tashi tsakanin mota da waya, shi ne mai buƙatar ya ji ƙafarsa ta yi kanta. Shiri ɗaya ba zai yi wa su biyun ba. 'Yan mata kuwa, waɗanda aka fi hana wa irin wannan dama, ina kyautata zaton su za su fi kowa ƙaruwa, muddin malamai mata ne suka jagorance su, iyaye kuma suka san inda aka nufa.

Na san abin da mai karatu ke shirin faɗa: wane daji? Bayan kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairu 2021, wane uba ne zai sa hannu a kai ɗansa ya kwana a jeji? Yana da gaskiya, kuma duk malamin da ya yi gangancin haka a yankin da ba tsaro ya ci amanar iyaye. Amma abin da ke aiki a cikin waɗannan shirye-shirye ba nisan daji ba ne. Dala da Goron Dutse suna cikin Kano, Kufena na gefen Zariya, garuruwa da yawa suna da dutse ko gulbi ko fadama a bayan gari. Tafiyar yini guda da taswira, a rukunin mutum shida, kowa da nauyinsa, ana juya shugabanci, a dawo kafin magariba, a maimaita duk wata har shekara ta zagayo, ta fi sansanin kwana uku na ihu da tsallen kwaɗo.

Sannan ga ginshiƙin Hahn da muka yar, wanda mu muka fi kowa buƙatarsa. A ƙarshen Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum sama da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Kusan kowace damina sai an ji irin wannan a Kebbi ko Sakkwato ko Neja. Me zai hana tawagar kowace makarantar da ke kusa da ruwa ta koyi iyo da ceto da agajin gaggawa a hannun ƙwararru, ta zama ita ce rundunar agajin unguwarta? Ɗan wasan da ya san an horar da shi don ya ciro mutum daga ruwa, bugun fenareti ba zai fi ƙarfinsa ba. Ko bai taɓa cin kofi ba, gari ya ci riba. Cibiyar da ke Shere tana nan, masana wannan aiki suna nan, abin da ya rage ma'aikatun ilimi da na wasanni su tura malaman motsa jiki su koyo, su kuma kafa ƙa'idar da za a bi kafin a fita da yaran mutane.

Ku kuma iyaye, idan aka kawo muku takardar neman izini, kada ku ƙi don tsoro kawai, kada kuma ku sa hannu don an ce za a mayar da ɗanku namiji. Ku je makarantar ku tambayi kocin abin da yaron zai koyo, da wanda ya iya agajin gaggawa a cikin masu rakiya, da abin da za a yi wa yaron da ya ce ya gaji ba zai iya ci gaba ba. Idan amsarsa ga ta ƙarshe ita ce dole zai yi, to ku riƙe ɗanku a gida.